Baki a Gaba, Murya a Baya: Matsalar Saɓanin Sauti da Hoto a Faifan DVD na Gida

Gabatarwa

Da wuya a sami wani daga cikin masu karanta wannan mujalla da bai taɓa zama gaban talabijin yana kallon faifan bikin aure ko na suna ba, ya ga mai magana ya rufe baki amma muryarsa tana ci gaba da zuba, ko kuwa ya ji guɗa ta tashi alhali mai guɗar ba ta ko kama hanci ba tukuna. Galibi dariya ake yi a wuce wurin, a ce ai aikin masu bidiyo ne. Ni ma haka na ɗauki abin, har sai da ya faɗo a kan aikin kundina na kammala digiri.

Iyayena Terawa ne daga Deba, kuma da harshen Tera na buɗi baki. Hausa a layin unguwarmu ta Bolari na tsince ta, makaranta kuma ta ƙarasa mini sauran. Da aka zo zaɓen batun kundi sai na zaɓi kwatanta waƙoƙin aure na matan Terawa da na matan Hausawa, domin na san a gida muna da wata taska da ba kowa ke da irinta ba, wato faifan bikin goggona. An yi bikin ne tun kafin a haife ni, aka ɗauke shi da kyamara mai kaset, kuma a cikinsa kakata ce ke ba da waƙa, sauran mata suna amshi. Bayan wasu shekaru, da bidiyo mai kaset ya zama tsohon yayi, sai baffana ya kai kaset ɗin wani shago a cikin garin Gombe aka juye shi a faifan DVD. Da ya karɓo faifan bai waiwayi kaset ɗin ba, shagon ma yanzu babu shi. Kaka kuwa ta riga mu gidan gaskiya.

Farkon faifan ba shi da wani aibu. Amma kafin a iso wurin waƙar kaka, wajen minti na hamsin, murya ta riga ta makara da kusan sakan biyu. Ga ƙarar janareta, ga hayaniyar yara, sannan ga tsofaffin kalmomin Tera waɗanda ban taɓa jin su a bakin kowa ba. Abin da zai taimake ni in rarrabe su shi ne kallon bakinta, bakin kuwa yana faɗin wani abu, murya tana faɗin wani. Na kai faifan wurin masu tura fina-finai a waya, wani ya ce mini, “Malam, faifan nan ya karce ne,” wani kuma ya ce na'urarmu ta gida ce ta tsufa. Duk cikinsu babu wanda ya dace. Abin da na gano bayan wahala, wanda kuma shi ne wannan maƙala take son isarwa, shi ne cewa wannan matsala ba cuta ɗaya ba ce. Iri uku ce, maganin wata ba ya yi wa wata aiki, kuma ɗalibin harshe yana da ma'aunin gane su a hannunsa tun daga darasin tsarin sauti na aji ɗaya.

Me ya sa abin yake damun mai kallo?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wajen fahimtar magana, gani da ji tare suke aiki. A shekarar 1976 wasu masana biyu a Jami'ar Surrey ta Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka ɗora muryar mai faɗin “ba” a kan hoton bakin da ke faɗin “ga”. Mafi yawan manyan da aka gwada da su sai suka ce “da” suka ji, wato sautin da babu shi a murya, babu shi kuma a hoto. Ma'ana, ƙwaƙwalwa tana gauraya abin da ido ya kawo da abin da kunne ya kawo kafin ta yanke hukunci. Wanda ya koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, kamar ni, ya san wannan tun kafin ya karanta shi a littafi. Lokacin da nake yaro, idan ana hayaniya, bakin mutum nake kallo kafin in tantance “ɓari” ya ce ko “ɗari”, “mata” ya ce ko “nata”.

Akwai kuma iyakar abin da ido yake yafewa. Ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar a 1998 ta nuna cewa mai kallo yakan fara lura da saɓani idan murya ta riga hoto da kamar milisakan 45, ko kuma ta makara da kamar milisakan 125. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mai karatu zai lura cewa an fi yi wa makara uzuri a kan riga, kuma dalilin a fili yake. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a sakan guda, haske kuwa kamar ƙiftawar ido. Duk wanda ya taɓa hangen mata suna daka daga nesa ya san taɓarya takan sauka kafin a ji ƙarar turmi. Mun saba da murya ta biyo bayan motsi, amma ba mu taɓa sabawa da ta riga shi ba.

Matafiya biyu a hanyar Bauchi

Abin da muke kira bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, kowane ɗaya ana kiransa firam. A tsarin PAL, wanda shi ne talabijin ɗin Nijeriya ya taso a kai, firam 25 ake nunawa a kowane sakan, wato kowane firam yana da milisakan 40. Shi kuwa sauti, na'ura tana ɗiban samfurinsa ne sau dubbai a sakan ta mayar da shi lambobi, kuma a faifan DVD ƙa'idar ita ce sau 48,000. Waɗannan abubuwa biyu ba a haɗe suke kamar jini da tsoka ba. Kowanne yana da nasa layin a cikin fayilolin nan masu suna VOB da ke cikin jakar VIDEO_TS, an dai yanka su gunduwa-gunduwa an cakuɗa, an kuma manna wa gunduwoyin tambarin lokacin da za a fito da su. Na'urar DVD ba ta san baki ba, ba ta san murya ba. Tambarin kawai take bi. Idan tun a wajen haɗa faifan aka manna tambari a inda bai dace ba, to ko sau ɗari aka sake kwafar faifan, ko da wane irin sannu aka buga shi, kuskuren yana nan. Karcewa kuwa tsalle da maƙalewa take kawowa, ba wannan ba.

Mu ɗauka mutum biyu ne za su tashi daga Gombe zuwa Bauchi, kowa da motarsa. Idan ɗaya ya makara da minti guda wajen tashi amma gudunsu ɗaya, to a Alƙaleri tazarar minti guda ce, a Bauchi ma minti guda ce. Wannan shi ne iri na farko. Idan kuwa tare suka tashi amma ɗaya ya ɗan fi gudu, tazarar za ta yi ta ƙaruwa a hankali, har a isa Bauchi ta yi yawa. Wannan shi ne iri na biyu. Na uku shi ne su tashi tare, gudunsu ɗaya, amma ɗaya ya riƙa tsayawa a shingen bincike. Tazarar ba za ta motsa ba na tsawon lokaci, sai kwatsam ta ƙaru, ta sake tsayawa, ta sake ƙaruwa.

Saboda haka kafin a taɓa komai, aunawa ake yi. Da farko a saka faifan a wata na'urar dabam, domin wani lokacin laifin ba na faifan ba ne. Talabijin na zamani mai faɗi yakan ɗan riƙe hoto yana gyara shi kafin ya nuna, don haka idan sautin ta wata lasifika dabam yake fita sai ya riga hoton. Lasifika ko abin kunne mai Bluetooth kuma yakan makarar da sauti. Idan aka tabbatar matsalar tana bin faifan duk inda ya je, sai a kwashe jakar VIDEO_TS gaba ɗaya a zuba a kwamfuta, a mayar da faifan cikin gidansa a ajiye. Duk wani gwaji a kan kwafi ake yinsa.

Ma'aunin da ke bakin mai magana

Masu shirya fim suna da allon nan da ake bugawa “ƙas” a gaban kyamara kafin a fara ɗauka. Amfaninsa shi ne a sami lokaci guda wanda ido ya gani, kunne kuma ya ji, domin a daidaita su a kai. Faifan bikin gida ba shi da wannan allo, sai dai a nemi madadinsa, kamar tafi, ko saukar makaɗi a kan ganga, ko rufe ƙofar mota. Sai dai a yi hattara da abin da ke nesa da kyamara. Mai ɗauka yakan jawo hoton makaɗin da ke can ƙarshen fili ya zama kamar a gabansa yake, alhali sautin yana cin kusan milisakan uku a kowace mita. Mita talatin ta ba da jinkirin fiye da firam biyu, wanda ba laifin faifai ba ne.

A nan ne karatunmu yake shigowa. A darasin tsarin sauti mun haddace cewa /b/ baleɓe ne tsayau, /ɓ/ baleɓe haɗiyau, /m/ kuma baleɓe ɗan hanci. A lokacin na ɗauka don jarrabawa kawai ake wahalar da mu. To waɗannan sautuka uku su ne kaɗai a Hausa da leɓɓa suke haɗuwa ruf a wajen furta su, wato su ne allon da kowane mai magana yake yawo da shi. Shi /f/, ko da yake baleɓe ne a Hausa, leɓɓan ba sa rufewa gaba ɗaya, don haka ba shi da amfani sosai a nan. Wanda ya fi duka amfani shi ne baƙi mai ƙarfi, irin na “babba” da “amma” da “tabbas”, saboda leɓɓa sukan daɗe a rufe har a ga rufewar a firam fiye da ɗaya. A manhajar VLC, wadda kyauta ce, idan aka tsayar da bidiyo aka danna harafin e, hoton yana matsawa firam ɗaya-ɗaya. Da haka za a iya gano daidai firam ɗin da leɓɓa suka buɗe, wanda shi ne lokacin da ya kamata a ji fashewar /b/ da shigowar wasali.

A VLC ɗin dai, a kwamfuta mai Windows, harafin j yana jawo sauti gaba da milisakan 50 a kowace dannawa, harafin k kuma yana tura shi baya. Sai a yi ta dannawa har baki da murya su haɗu, a rubuta lambar da ta bayyana. A yi haka a farkon bidiyon, a tsakiya, da kuma ƙarshe, amma shawarata ita ce a yi a wurare shida ko fiye. Ni a wuri biyu kacal na fara aunawa, kuma wannan ganganci ya ci mini mako guda. Idan lambobin duk ɗaya ne, iri na farko ne. Idan suna hawa daidai wa daida, na biyu ne. Idan kuwa suna hawa kamar matakalar bene, na uku ne. A kuma sani cewa gyaran VLC na kallo ne kawai, ba ya shiga cikin fayil ɗin.

Iri na farko ba ya buƙatar dogon bayani. Yakan faru ne idan an yanke farkon bidiyo ko an haɗa fayilolin VOB ba bisa ƙa'ida ba, ko kuma na'urar da aka juye kaset da ita ta fara kama sauti kafin hoto. A manhajar Avidemux akwai gurbin da ake rubuta yawan milisakan da za a matsar da sauti, a bar hoton yadda yake ba tare da an sake matse shi ba, wanda hakan ke nufin ingancinsa ba zai ragu ba. Idan aka saka lambar aka ga saɓanin ya ninka, to alamar ce aka juya, sai a saka ta ragi a maimakon ta ƙari. Daga nan a haɗa sabon faifai da manhaja irin DVDStyler. Aikin bai fi na rabin awa ba.

Tazarar da ke ƙaruwa a hankali

Iri na biyu ya fi yawa a wurinmu, kuma dalilin yana cikin tarihin yadda bidiyo ya zo mana. Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar fina-finan Hausa na bidiyo, a kaset ya fito a 1990. Daga kaset aka koma faifan VCD a shekarun 2000, daga nan DVD, yanzu kuma filash da waya da YouTube. Masu ɗaukar biki ma haka suka bi wannan sawu. Saboda haka faifan da ke cikin akwatin mahaifiyarka zai yiwu ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya zama yadda yake, kuma kowace juyewa ƙofa ce ta kuskure, domin kowane tsari da nasa lissafin.

Alal misali, faifan VCD yana ɗiban sauti sau 44,100 ne a sakan, ba 48,000 ba. Manhaja mai kyau takan sake lissafa sautin gaba ɗaya ya dace da sabon tsari. Amma idan aka ɗauki sautin 44,100 aka karanta shi a matsayin 48,000, zai yi gudu da kusan kashi tara cikin ɗari, sautin awa guda ya ƙare a minti 55, muryar dattijo kuma ta siranta ta koma ta saurayi. Wannan a kunne ma ana gane shi. Kyamarorin ƙaramin kaset na MiniDV, waɗanda masu ɗaukar biki suka yi yayi, su kuma suna da zaɓi biyu, 32,000 ko 48,000, kuma ba kowane mai ɗauka ne ya san a kan wanne tasa take ba.

A ɓangaren hoto ma haka ne. Kyamarar da aka sayo gwanjo daga Amurka tana bin tsarin NTSC ne, mai firam 29.97 a sakan, wayoyin hannu da yawa kuma wajen 30 suke ɗauka. Idan manhaja ta ɗauki 29.97 a matsayin 30 cif, bambancin kashi ɗaya ne kacal cikin dubu, wanda ba a ganinsa a minti biyar na farko, amma a awa guda ya zama sakan 3.6. Idan kuwa firam 30 aka tilasta wa tafiya a kan 25 ba tare da an rage su ba, hoton awa guda zai kai minti 72, sauti ya bar shi a hanya tun da wuri.

Waya tana da wani halin kuma na dabam. Ba ta riƙe gudu ɗaya. Idan haske ya yi ƙaranci, kamar a wajen kamu ko walimar dare, ko idan ta yi zafi, takan rage yawan firam ɗin da take ɗauka, ta rubuta wa kowanne lokacinsa. Muddin a wayar ake kallo babu matsala. Amma DVD bai san wannan sassauci ba, kuma tsofaffin manhajojin haɗa faifai sukan ɗauka duk firam ɗin tsawonsu ɗaya. Ƙaramar manhajar nan MediaInfo tana nuna duk waɗannan lambobi, har da ko gudun firam ɗin tsayayye ne ko mai canzawa. Idan mai canzawa ne, sai a fara bi da bidiyon ta HandBrake a mayar da shi firam 25 tsayayye kafin a kai shi ga faifai.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, mu masu fita neman bayanai. Da yawanmu mukan ɗauki hoto da waya ɗaya, mu ajiye wata wayar ko rakoda kusa da bakin mai ba da bayani don sauti ya fita tas. Dabara ce mai kyau, sai dai kowace na'ura da nata agogon a ciki, kuma babu agogo biyu da suke tafiya daidai ɗari bisa ɗari. A hirar minti goma ba za a lura ba, a ta awa biyu kuwa za a iya lura.

Gyaran wannan iri lissafi ne na firamare. A ce bidiyo awa guda ne, wato sakan 3,600, a farkonsa babu saɓani, a ƙarshensa kuma murya ta makara da sakan 3.6. Ke nan sautin ya zama sakan 3,603.6, ana so ya koma 3,600. Sai a cire shi a buɗe a Audacity, a je wajen canza gudu, a rubuta sabon tsawon da ake so, sannan a mayar da shi a kan hoton. Idan akwai saɓani tun daga farko, a fara gyara tsawon, sannan a matsar da sautin kamar yadda aka yi a iri na farko.

Sai dai ina da jan kunne ga 'yan uwana masu nazarin sauti. Canza gudu yana taɓa kaifin murya da tsawon kowane sauti. Gaskiya ne karin sautin Hausa ba zai rikice ba, domin hawa da sauka ana gane su ne ta kwatanta gaɓa da maƙwabciyarta, kuma duk tare suka matsa. Gyaran kashi ɗaya cikin dubu ma babu kunnen da zai ji shi. Amma wanda zai auna tsawon wasali ko kaifin murya da Praat ya rubuta lambobi a kundinsa, ya tabbatar sautin da yake aunawa yana tafiya a kan gudunsa na asali. Idan hoton ne aka ɓata wa gudu, to hoton za a gyara, kada a ja sauti mai lafiya ya bi hoto marar lafiya don kawai ya fi sauƙi. Manhajar ELAN, wadda Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ta ƙasar Holan ta samar don rubuta bayanan bidiyo, tana ba da damar a daidaita mafarin fayil ɗin sauti da na hoto ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Matakalar bene

Faifan kakata iri na uku ne. Da na zauna na auna shi da kyau, sai na ga daga farko har minti na 25 babu wani saɓani. A minti na 27 murya ta makara da milisakan 800, ta tsaya a haka har minti na 40 da wani abu, sannan ta koma 1,300, kafin wajen waƙar kuma ta kai 1,900. Da na koma na duba wuraren da lambar take tsalle, sai na tarar duk inda hoton ya yi yayyafi ne, ko ya karkace daga sama, ko kuma inda mai ɗauka ya kashe kyamara ya sake kunnawa.

Ga abin da ya faru. Kaset zare ne mai maganaɗisu, kuma zafi da ƙura da yawan kallo suna tauye shi. Idan ana juye shi a kwamfuta aka iso wurin da ya lalace, na'urar da ke kamawa takan kasa gane firam ɗin ta yar da shi, alhali sauti yana ci gaba da shigowa ba yankewa. Haka kuma idan kwamfutar ba ta da ƙarfi, ko ana wani aikin da ita a lokacin. Kowane firam da aka yar ya rage wa hoto milisakan 40. Firam 20 suka faɗi a wuri na farko a faifanmu, shi ne 800 ɗin nan. Hoton ya gajarce, sautin bai gajarce ba, don haka baki ya wuce gaba, murya ta biyo baya. Masu aikin adana tarihi suna saka wata na'ura da ake kira TBC tsakanin bidiyo da kwamfuta, wadda take daidaita siginar kaset kafin ta shiga. Ban ga laifin mai shago sosai ba idan bai mallake ta ba, na dai ga laifinsa da bai kalli ƙarshen aikinsa ba kafin ya miƙa.

Da kaset ɗin yana nan, magani mafi sauƙi shi ne a sake juyewa da kayan aiki masu kyau. Tunda babu shi, sai aikin hannu. Na buɗe bidiyon a Shotcut, na raba sauti da hoto kowanne a layinsa, na yanka hoton a kowane wurin tsalle, na matsar da abin da ya biyo baya har ya hau kan muryarsa. A nan akwai zaɓi biyu, kuma ina ganin ya kamata a tsaya a kansu. Tunda sauti ya fi hoto tsawo, ko dai a datse sautin, ko a cike giɓin hoton. Masu shago datse sauti suke yi, saboda ya fi kyan gani, mai biki kuma ba zai lura ba. Amma a wurin mai bincike sautin shi ne cikakken abin da ya tsira, hoton ne mai giɓi. Saboda haka ban cire ko gaɓa ɗaya ba. Na tsayar da firam na ƙarshe kafin kowane giɓi na ja shi ya cike wurin, ta yadda mai kallo zai ga hoto ya daskare na ɗan lokaci, ya kuma san cewa a nan an yi asara. Wannan aiki yana buƙatar a sake matse hoton, wanda ke rage masa inganci kaɗan, don haka sau ɗaya ake yinsa, daga kwafin asali, ba gyara a kan gyara ba.

Ga wanda zai fita ɗaukar bayanai yanzu, rigakafin ba shi da tsada. Ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara bayan ya kunna na'urorinsa, ya sake yin wani kafin ya kashe, domin tafin farko yana maganin iri na farko, na ƙarshe kuma yana ba da lissafin iri na biyu. Idan dattijon da ake hira da shi ya yi mamaki, a yi masa bayani, ba raini ba ne. Kada a goge abin da ke cikin memori don an ga faifai ya fito, kada kuma a bar kaset a shago. Shi kansa faifan da ake bugawa a kwamfuta, wani rini ne a cikinsa yake riƙe da bayanan, kuma rana da zafi suna cin wannan rini, ga shi kuwa mun san yadda Gombe take a watan Maris da Afrilu. A ajiye kwafi a filash, a ajiye wani a wani wurin dabam.

Kwana huɗu na yi a kan faifan kaka. Wurare biyar na yanka, ba uku ba kamar yadda na zata, domin biyu daga cikinsu ƙanana ne, firam uku da firam huɗu, kuma da /m/ da /b/ na bakin wata mai amshi na kama su. Da baki da murya suka haɗu, kalmomi da dama da na rubuta da ɗ a daftarina na farko sai ga leɓɓanta sun rufe a kansu, ashe ɓ ne. Na kai wa goggo sabon faifan tare da rubutun, ta gyara mini wasu, ta kuma faɗa mini ma'anar waɗanda ta sani. Akwai baiti biyu na ƙarshe da har yanzu na sa musu alamar tambaya a kundin, saboda a daidai nan kaka ta juya tana fuskantar amarya, mai ɗauka kuma yana bayanta, babu abin da ake gani sai ɗankwalinta.